Baƙon Suna da Lafazinsa a Bakin Mutanen Tirwun

Duk wanda ya saba halartar raɗin suna a Tirwun da sauran unguwannin da ke kewaye da birnin Bauchi, in ya kasa kunne ga abin da sanƙira ke shelantawa bayan an shafa fatiha, ko ga abin da uwaye ke kiran 'ya'yansu da shi a tsakar gida, ba zai rasa lura ba da cewa a 'yan shekarun nan waɗansu sunaye sun ɓullo waɗanda kakanninmu ba su taɓa jin an kira wani mahaluki da su ba, irin su Afnan da Ilham da Mus'ab da Fawwaz da Tasnim da Rayyan. Da yake kuwa ba a taɓa samun ittifaƙin jama'a a kan sabon abu ba, sai aka rabu gida biyu: dattawa suna cewa 'ya'yan zamani sun ƙyamaci sunayen iyayensu, samari kuma suna cewa dattawa ne suka karkatar da sunayen Larabci da nauyin harshe, su gyara suka zo yi. Mas'alar ta cancanci a zauna mata a natse, domin suna yana cikin haƙƙoƙin farko da ɗa yake bin mahaifinsa, shi ne kuma kalmar da za ta fi kowace yawan shiga kunnensa tun yana zanen goyo har ya tsufa.

Babu wurin da ya fi Tirwun dacewa da a ɗauko wannan magana daga gare shi, saboda riwayar da ta fi shahara a tarihin ƙasar Bauchi ta nuna cewa a nan aka haifi Malam Yakubu, wanda ya fito daga cikin Gerawa, ya yi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓo tuta, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya yi ta sarauta har Allah ya yi masa rasuwa a 1845. Sunan da tarihi ya riƙe wa mahaifinsa shi ne Dadi, wanda ba daga littafi ya fito ba, alhali kuwa ɗan yana ɗauke da sunan Annabin Allah; watau a cikin gida guda, tsakanin uba da ɗansa, ana iya ganin yadda sunayen wata al'umma ke juyawa idan ilmi da addini suka shige ta. Sunan nan kuwa ya bunƙasa har ya rufe garin kansa: ana cewa Bauchin Yakubu, Turawan farko da suka ratso ƙasar nan suka rubuta Yakoba a taswirarsu a matsayin sunan birnin, aka sake yin sarakuna biyu masu wannan suna a jere daga 1907 zuwa 1954, sa'an nan ya tsallaka har gidajen da ba na Musulmi ba, kamar yadda sunan Janar Yakubu Gowon da na Yakubu Dogara, ɗan Bogoro, suke shaida.

A cikin jerin sarakunan nan dai akwai wani suna da bai sami wannan rabo ba, shi ne Mu'allayidi, sarkin da aka naɗa a 1902 bayan Turawa sun ci garin sun tuɓe Sarki Umaru, shi Mu'allayidi kuwa bai daɗe a kan gado ba. Sunan daga Fulatanci yake, ma'anarsa wanda Allah yake so, kuma da kyawun ma'ana kaɗai ke yaɗa suna, da yanzu kowace unguwa tana da nata Mu'allayidi. Amma sai ya tsaya a 'yan gidaje ƙalilan, har yaro na iya girma a Bauchi bai taɓa zama aji ɗaya da mai shi ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, a al'adarmu ta da, mutum ne ke jan suna a bayansa. Idan malami ya yi albarka, ko sarki ya yi adalci ya daɗe, ko tsohuwa ta yi zumunci ta tara jikoki, sai a yi ta yi musu takwara, sunan ya yi ta haihuwa.

To, kafin a zargi mai neman baƙon suna, wajibi ne a tambayi shari'a hukuncinta. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda da wuya a sami zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, ta yi bayanin yanka dabba guda ran bakwai ga haihuwa ba tare da an lissafa yinin da aka haihu a cikinsa ba, dalilin ke nan da ya sa wanda aka haifa ran Talata da hantsi sai wata Talatar ake raɗa masa suna. Amma ba ta yanka wa uba iyakar sunayen da zai zaɓa ba. Malaman da suka faɗaɗa babin, kamar Ibnul Ƙayyim a littafinsa Tuhfatul Maududi, sun kasa sunaye zuwa mustahabbi, irin su Abdullahi da Abdurrahman da sunayen Annabawa. Da haramtacce, kamar wanda ya jingina bauta ga wanin Allah ko ya ɗauki sunan da ya keɓanta da Ubangiji. Da makaruhi, wanda ke da mummunar ma'ana ko yabon kai. Ƙarancin masu suna bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan illoli ba. Hasali ma Alƙur'ani ya ba da labari a Suratu Maryam cewa Annabi Yahaya an raɗa masa sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba gabaninsa, kuma sunan Muhammadu kansa, wanda yau babu gidan Musulmi da ya rasa shi, kaɗan ne ƙwarai suka ɗauke shi a cikin Larabawa kafin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da aka ruwaito yana canzawa shi ne suna mai mugunyar ma'ana, kamar yadda ya mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga mai saɓo zuwa Jamila. Saboda haka dattijon da ya ce baƙon suna bidi'a ne don kawai bai saba jinsa ba, ba shi da hujja.

Amma inda na fi son a tsaya a yi dogon tunani shi ne ƙarar da samari suka shigar, cewa Muhammadu da Faɗimatu da Rilwanu lafazin ƙauye ne, Muhammad da Fatima da Ridwan su ne na masu ilmi. Wannan magana, duk da yawan masu faɗinta, ta juya gaskiya ne a kife. Wasalin nan da ke ƙarshen Muhammadu da Umaru da Aliyu da Halidu ba ƙari ba ne da jahilai suka liƙa. Rufu'ar i'irabi ce, wadda malamanmu na zaure suke bayyanawa idan suna biya wa almajiri karatu kalma bayan kalma, ta fito daga littafi ta zauna a bakin jama'a, ta kuwa sami wurin zama da sauƙi domin asalin kalmar Hausa da wasali take ƙarewa. Haka nan ta'in da ke Hadizatu da Hafsatu da A'ishatu, harafi ne da yake a rubuce cikin Larabci, Balarabe yana ɓoye shi in ya yi waƙafi, yana bayyana shi in ya sadar da magana. Misali mafi bayyana shi ne sunan da 'yan mata da yawa ke ɗauke da shi yanzu, watau Rumaisa, wanda iyaye ke zaɓa suna ganin sabon abu suka samo. Laƙabi ne na Ummu Sulaim 'yar Milhan, mahaifiyar Anas ɗan Malik mai yi wa Annabi hidima, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa da siffar Rumasa'u, a sahu ɗaya da Asma'u da Hauwa'u da Zara'u, inda aka kiyaye hamzar ƙarshe da wasalinta waɗanda sabon lafazin ya zubar. Yarinyar da ta ji kakarta ta ce Rumasa'u ta ɓata rai, tana zaton an mayar da ita baƙauya, ba ta san cewa tsohuwar ta fi ta kusa da abin da ke rubuce a littafi ba, ko da ba ta taɓa buɗe shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 bayan ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba a ji wani ma'abocin ilmi ya ce wasalin ƙarshen sunanta aibi ne ba.

Haka al'amarin yake ga haruffan da Hausa ba ta da mafitarsu, domin musanyar da aka yi musu ba ta ganin dama ba ce, tana bin ƙa'ida wadda ba ta saɓawa. Harafin da mutanen allo ke kira lodi, Bahaushe ya mayar da shi lam a ko'ina: shi ya ba mu alƙali da alwala da farilla da larura, shi ya ba mu Ramalan da Falalu da Murtala, sunan shugaban ƙasar da aka kashe a 1976, shi kuma ya ba mu Rilwanu, sunan Mai Martaba Sarkin Bauchi da ya hau gado a 2010. Wanda ya leƙa bayanin da Sibawaihi, limamin nahawu, ya yi game da mafitar wannan harafi tun ƙarni na biyu bayan Hijira, zai tarar ya ce daga gefen harshe yake fita tare da turamen haƙora, watau maƙwabcin lam ne na kusa. Kuma mutanen Andalus ma da lam suka ji shi, har kalmar alƙali ta shiga harshen Sifaniya da lam a cikinta. Ashe ke nan kakanninmu tsohon lafazi suka riƙe. Ɗa mai hannu kuwa ta zama ɗ, aka sami Ɗahiru, kamar sunan Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, da Ɗayyabu da Ɗalhatu, mutanen yamma kuma suka mayar da ita ts suna cewa Fatsima. Wani harafin ya zama s a Usman, wani ya zama z a Mu'azu, wani ya zama h a Halidu da Hadiza. Hausa har tana da nata tsarin na rarrabe sunan mutum da gama-garin kalma, ta hanyar gajarta wasalin ƙarshe, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya rikita Baƙo da baƙo, ko Dogo da dogo, ko Azumi da azumi, ko da yake rubutun boko bai nuna bambancin tsawon ba.

Ba ina nufin a sassauta wa mai tilawa ba ne. Karatun Alƙur'ani yana da haƙƙinsa, dole a ba kowane harafi mafitarsa da siffarsa, kuma makarantun Islamiyya sun yi babban aiki wajen gyara bakin yara a wannan fage, Allah ya saka musu. Sai dai kiran yaro ya zo ya ci tuwo ba tilawa ba ne, urfi ne, shari'a kuwa ta bar wa kowace al'umma urfinta matuƙar bai kai ga saɓo ba. Inda lafazi ke zama abin tsoro shi ne inda ya taɓa ma'ana. Asiya matar Fir'auna, wadda aka yaba wa imaninta, da kalmar nan mai nufin mai saɓo da Annabi ya canza, haruffansu daban ne a Larabci, amma bakin Bahaushe ya haɗe su wuri guda, don haka ya kamata uba ya san wadda yake nufi. Wanda kuma aka sa wa Abdulƙadir ko Abdurrazaƙ, aka datse sunan aka bar shi da Abdul, an cire masa sunan Ubangijin da aka jingina shi gare shi. In kuwa rabin farkon aka yar aka kira shi da na ƙarshen kaɗai, abin ya fi muni. Waɗannan su ne lahanin da ya dace samari masu kishin Larabci su sa wa ido, su ƙyale wasalin Muhammadu.

Saura tambaya: ta wace ƙofa baƙin sunayen nan suke shigowa gidajen da har yanzu suke girmama takwara? Mafi yawansu ta ƙofar kunya suke shigowa. Na sha ganin yadda abin ke gudana da sassafe a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi bayan sallar asuba, ragon yana ɗaure a gindin bishiya, ana zagayawa da goro da dabino a faranti, uban jariri ya matso ya durƙusa ya raɗa wa liman suna a kunne, liman ya yi addu'a, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya: «Sunan yaro Muhammadu! Allah ya raya Muhammadu!» Jama'a su amsa da amin, a yi wa uba barka, a watse. Can cikin gida kuwa, inda mai jego ke zaune da 'yan'uwanta, an san cewa Muhammadun nan sunan surukinta ne, bakinta ba zai taɓa furta shi ba har abada, saboda haka kafin wanzami ya gama aski ƙannenta sun riga sun daidaita a kan Amir ko Fawwaz, wata ta rubuta shi a waya ta aika wa dangi. Sai kakar yaron ta leƙo ta ce, «Me kuka ce ana kiran angon nawa?» A maimaita mata, ta gwada, ta ce Fawazu, ta ƙara da cewa ita dai Maigida za ta riƙa ce masa. Daga ranar yaro yana da suna uku, kuma wanda uwa ta riƙe shi ne zai bi shi makaranta.

Alkunya ba sabuwar aba ba ce, amma a da tana da tsari, kowane sunan yanka da laƙabin da ke biye da shi. In ka ji Garba ka san Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Shehu Usmanu ne, Maitama Yusufu ne, Indo A'ishatu ce, Binta Faɗimatu ce, Kulu Hauwa'u ce, Abu kuwa Zainabu. Laƙabin yana rufe sunan ne don ladabi, yana kuma nuna shi ga mai hankali, ta yadda takwarar ba ta ɓata. Wannan igiya ita ce ta tsinke a zamaninmu. Ilham ba ta gaya maka ko A'ishatu ce ko Maryamu, har akan sami yaron da sai ya isa shiga jarrabawa sa'an nan ya ji cewa sunan kakansa aka yanka masa rago da shi. Wannan, a ganina, ita ce hasarar gaske, ta fi ta lafazi nesa ba kusa ba, domin manufar takwara ita ce a riƙa tuna mamaci ana yi masa addu'a duk sa'ad da aka kira mai sunansa.

Mafarin sababbin sunayen kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, alhazai suka jiyo yadda Larabawan yau ke kiran 'ya'yansu. Ɗalibai suka tafi Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961, da Azhar ta Masar, suka komo da littattafan tarihin Sahabbai. Wa'azi ya yawaita, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da gasar buɗe makarantu da ta biyo baya tsakanin ɓangarori. Sa'an nan littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa da na Indiya, daga baya kuma wayar hannu, suka zo da nasu. Ba daraja ɗaya gare su ba. Farfaɗo da sunan Mus'ab ɗan Umair, wanda Annabi ya aika Madina ya koyar da Alƙur'ani, ko Sumayya, farkon wadda ta yi shahada a Musulunci, ko ɗanta Ammar, ko Nusaiba da ta tsaya a Uhudu, alheri ne tsantsa, kuma irin tsohuwar hanyar nan ce ta bin mutumin kirki. Ɗauko kalma daga Alƙur'ani ko hadisi, kamar Afnan, rassan itatuwan Aljanna, ko Tasnim, wani marmaro nata, ko Rayyan, ƙofar masu azumi, shi ma babu laifi in an san abin da aka ɗauko, gama ba kowace kalma da ke cikin Mus'hafi ce ta dace da suna ba, akwai sunan Fir'auna da Hamana a ciki. Wanda nake jin tsoro shi ne kashi na uku, sunan da aka tsinta don zaƙinsa a kunne kawai, daga bakin ɗan wasa ko daga wani jeri a intanet da ba a san wanda ya tsara shi ba, a tambayi uba ma'anarsa ya ce shi ma haka ya ji. Hausawa sun ce suna linzami ne, bai kuwa kamata a sa wa yaro linzamin da ba a san inda zai ja shi ba. Sa'an nan wanda ya zaɓi suna don kada ɗansa ya yi tarayya da kowa, burinsa ba ya cika, domin abin da ya burge shi ya burge maƙwabtansa a lokaci guda, kafin yaran su isa aji ɗaya na firamare sai malami ya tarar da masu sunan da dama a rajista, ya koma rarrabe su da sunayen ubanninsu.

A gefe guda kuma sunayen da ke ba da labarin haihuwa suna ta ja da baya ba tare da an yi musu jana'iza ba: Tanko da ya biyo mata, Kande da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Talle maraya, Ajuji da Barau waɗanda aka sa wa don 'yan'uwansu sun yi ta mutuwa, da su Ɗanladi da Talatu da Jummai. Waɗansu daga ciki, irin na wabi, ba a baƙin cikin tafiyarsu, tun da camfi ne ya haife su. Amma Tanko da Jummai ba su saɓa wa kowane hukunci ba, kunyar Hausa ce kawai ta kore su, kuma Gerawan Tirwun, waɗanda harshensu ke ta ba Hausa wuri a bakin 'ya'yansu, sun fi kowa sanin yadda irin wannan ja da baya ke ƙarewa.

Akwai kuma wata wahala da kakanninmu ba su sani ba, ita ce ta rubutu. A Ingila hukuma tana fitar da lissafin sunayen jarirai kowace shekara, kuma a na 2023 Muhammad ne ya zo na ɗaya cikin sunayen maza a Ingila da Wales, duk da cewa kowace siffar rubuta shi daban ake ƙirga ta. Wannan ya isa ya nuna cewa a duniyar takarda harafi guda yana raba suna ɗaya gida biyu. Mu kuwa a nan yarinya ɗaya tana iya zama Hadiza a takardar haihuwa, Khadija a ta firamare, Khadijat a ta sakandare, sa'an nan ita da kanta ta ƙawata shi ya koma Khadeejah a Facebook. Muddin abin yana bakin mutane babu wanda ya damu, amma tun da aka shigo da lambar shaidar banki a 2014, aka kuma ɗaura rajistar jarrabawar shiga jami'a a kan lambar katin ɗan ƙasa, kwamfuta ba ta san cewa Rilwanu da Ridwan mutum ɗaya ba ne, sai uba ya bar sana'arsa ya nufi kotu neman takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kafin a yarda ɗansa shi ne ɗansa. Haruffan nan masu lanƙwasa da aka shigar cikin boko tun shekarun 1930 su ma yawancin na'urorin ofis ba su da su, don haka Ɗahiru yana fitowa Dahiru a katinsa, Ɗayyabu ya fito Dayyabu, wanda bai ji Hausa ba ya karanta yadda ya gani. Baƙon suna ya fi kowane faɗawa wannan rami, saboda magatakardan da ke cika takardar bai taɓa ganinsa a rubuce ba, zai rubuta abin da kunnensa ya ba shi ne, kuma a yawancin lokaci wanda ya kai jaririn wurin rajista ba uban da ya zaɓo sunan ba ne, wata gwaggo ce ko kaka, wadda za ta faɗe shi da irin nata lafazin.